Wutar Hunturu a Tambuwal da Kebbe: A Fitar da Hayaƙi, a Bar Ɗumi a Ɗaki

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, idan iskar arewa maso gabas ta taso daga Hamada ta kwaso ƙurar kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, yanayin kudancin Jihar Sakkwato kan juya gaba ɗaya. Yankin da aka sani da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sai ga shi ana wayar gari cikin hazo da jaura, ma'aunin zafi ya sauko digiri 15 ko ƙasa da haka kafin asuba. A lissafin ƙasashen ƙanƙara wannan ba wani sanyi ba ne. Amma a Tambuwal da Kebbe wanda ɗarin ke samu shi ne tsoho a kan tabarma, da jariri ɗan kwana goma, da almajiri mai riga ɗaya, a ɗakin da iska ke shigowa ta ƙarƙashin kwano. Maganin da aka sani kuwa guda ne. Bayan sallar isha'i uwargida ta kwashe garwashin da ya rage a murhu ta zuba a kasko, ta ƙara gawayi ko guntun itace, ta fifita har ya yi ja, a shiga da shi ɗaki, a ja ƙyaure, a toshe taga da tsumma, a saki labule. Yara su kewaye shi suna miƙa tafin hannu, in barci ya kwashe su a bar shi nan yana ci har ya mutu da kansa.

Wannan wuta ta jin ɗumi ba ta cikin lissafin kowa. Duk maganar da hukumomi da ƙungiyoyi ke yi kan murhu, maganar girki ce. Manufar ƙasa kan girki mai tsafta da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita a 2024, tukunya ta sa gaba. Abin da jama'a ke ji game da wutar hunturu bai wuce gargaɗin da jami'an kashe gobara ke yi a rediyo kowace shekara ba, cewa kada a kwana da wuta a ɗaki. Gargaɗin gaskiya ne, sai dai an shekara da shekaru ana yin sa kasko bai daina shiga ɗaki ba, domin wanda sanyi ke kaɗawa da ƙarfe uku na dare ba nasiha yake nema ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, mutanen wannan yanki za su ci gaba da ƙona itace da gawayi don jin ɗumi har nan da shekaru masu yawa, ko an so ko an ƙi. Saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne a mayar da wutar cikin rufaffen murhu mai bututun hayaƙi, wanda magina da maƙeran garin za su iya yi da hannunsu, wanda kuma zai ci duk makamashin da gona ke bayarwa, ba itacen daji kaɗai ba.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tambuwal mutum sama da 220,000, Kebbe kuma kusan 125,000, kuma tun daga lokacin ana ƙaruwa a kan haka. Wannan kusurwa ta jihar ta fi Illela da Gada samun ruwan sama, don haka ta fi su daji. Shi ya sa nauyin da ke kan dazuzzukan Kebbe, wadda ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, da na kewayen Dogon Daji, ya wuce na mazauna wurin. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega ya san tarin faskare da buhunan gawayi da ke jiran mota a bakin titi, kuma birni suka nufa. Da hunturu buƙatar kan ninka, domin ban da tuwo da miya akwai ruwan wanka da na alwala, akwai ruwan mai jego da ake tafasawa safe da yamma har kwana arba'in, wanda tun kafin haihuwa miji ke tara masa itace, akwai wutar tsangaya da almajirai ke karatu a kewayenta, akwai ta mai shayi da ta masu hira a bakin kasuwa. A da sabara da geza da kalgo sun ishi gida, a bar ƙirya ga maƙera. Yau gatari ya kai ga marke da taramniya, har ya fara taɓa kaɗanya da ɗorawa da tsamiya, itatuwan da kakanninmu ba su sara domin abinci ne. Ga kuma rashin tsaro da ya sa shiga wasu dazuzzukan ya zama kasada, abin da ya ƙara wa ɗaurin itace kuɗi.

Hatsarin kasko ya wuce gobara, kuma mafi muninsa ba a ganinsa da ido. Idan gawayi na ci a rufaffen ɗaki, iskar oksijin kan ragu, wutar ta koma fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin kansa fiye da sau 200. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya, jikinsa ya mutu, barci ya danne shi, kuma wanda ya riga ya yi barci ba ya jin ko ɗaya daga cikin alamun. Abin da ke yaudarar mutane shi ne sun ɗauka hayaƙi ne kawai ke cutarwa, don haka sai a bar gawayin a tsakar gida har hayaƙinsa ya ƙare, ya yi jawur, sannan a shiga da shi da kwanciyar hankali. Alhali garwashin da ba ya hayaƙi yana nan yana fitar da gubar. Idan aka wayi gari iyali sun kasa tashi, sau da yawa zargi kan tafi kan abincin daren jiya, ko iska, ko sammu, kaskon kuma yana gefe ba wanda ya dube shi. Shi kuwa hayaƙin itace da ake gani, nasa aikin a hankali yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, ciki har da yara sama da 237,000 'yan ƙasa da shekara 5, akasarin yaran ta hanyar ciwon huhu. Kunkunniyar da ta yi baƙi a jikin azara ita ce shaidar abin da ƙirjin masu ɗakin ke zuƙa, a daidai lokacin da ƙurar hunturu ta riga ta gajiyar da shi.

Gobarar ita ma ba ƙaramar magana ba ce a lokacin da komai ya bushe, dangar kara da jinka da katifar soso duk suna jiran tartsatsi ɗaya. Gobarar dare da ta tashi a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda cikin Fabrairun 2025 ta ci ran almajirai 17, kuma Zamfara maƙwabciyar Kebbe ce. Addini bai bar wannan babi ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a bar wuta a gida lokacin barci, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun yi bayanin cewa dalilin hanin shi ne tsoron ɓarnar da za ta yi, in an amince daga ɓarnar to hukuncin ya sassauta. Ke nan neman hanyar da za a killace wuta ta daina zama barazana ga mai barci, aiki ne da ya dace da manufar hadisin.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba na ƙaruwar dogaro da kasko, wato canjin gini. Ɗakin soro mai kaurin bango da rufin azara da ƙasa yakan sha zafin rana ya riƙe, ya dinga sakinsa a hankali cikin dare. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin kuwa, da rana ta faɗi yake zubar da zafinsa, kafin tsakar dare cikinsa da waje sun zama ɗaya. Mun sauya gini saboda dalilai masu kyau, soro na son yaɓe kowace shekara kuma damina mai ƙarfi na iya rusa shi, amma mun yar da wata fasaha tare da shi ba mu maye gurbinta ba. Tsofaffi sun san gadon ƙasa, dandamalin da ake ginawa a jikin bango da rami a ƙarƙashinsa. Da yamma a zuba rushi a ramin, ƙasar ta sha zafi, tsohuwa ko mai jego ta shimfiɗa tabarma ta kwanta, ɗumi na ratso ta daga ƙasa har gari ya waye. Hikimar da ke ciki babba ce: maimakon a ɗumama iskar ɗaki wadda ke tserewa ta kowace kafa, sai a ɗumama ƙasa mai nauyi wadda ke riƙewa, kamar yadda duwatsun murhu ke kwana da zafin tuwon dare. Aibinsa ɗaya ne, bakin ramin a cikin ɗaki yake, don haka hayaƙi da guba a ɗakin suke tsayawa. Manoman arewacin Sin, inda sanyi ke daskarar da kogi, sun daɗe da warware wannan. Gadonsu na tubali, wanda suke kira kang, a haɗe yake da murhun girki, hayaƙin ya bi ta wasu hanyoyi a cikin gadon ya bar zafinsa a jikin tubali, sannan ya fita ta bututu a waje. Wuta ɗaya ta dafa abinci ta kuma ɗumama makwanci.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfin maginin Sanyinna ko mai waldan Tambuwal ba. Akwatin wuta ne na gasasshen tubali ko yumɓu, da ƙofar ƙarfe mai rufuwa sosai, da raga a ƙasa wadda makamashi zai hau, da ɗan aljihun toka a ƙarƙashin ragar, da ƙaramar kafa mai buɗewa da rufewa don daidaita iska. A samansa a sa farantin ƙarfe wanda zai ɗauki buta ko tukunyar ruwan wanka. Daga bayansa hanyar hayaƙi ta bi ta cikin dakali ko gadon ƙasa, ta huda bango, ta miƙe sama a waje har ta wuce tsayin rufi. Inda tsarin gida ya ba da dama, mafi aminci ma shi ne bakin murhun ya kasance a waje ko a madafa, ta yadda abin da zai shiga ɗakin kwana ɗumi ne zalla. Ana hura shi da magariba a yi wuta mai ƙarfi ta sa'a ɗaya ko biyu, a bar ta ta cinye, a kwanta babu harshen wuta a ko'ina, tubali ya ci gaba da aikinsa. Ragar nan da aljihun toka su ne sirrin cin makamashi iri-iri. Itace ya fi son ci a kan toka da iska daga sama, amma gawayi da totuwar masara da dunƙulen buntu sai iska ta shigo musu daga ƙasa, toka kuma ta sami inda za ta zube kada ta shaƙe wutar.

Wannan batu na makamashi iri-iri shi ne ya fi dacewa da yankin. Kebbe da Tambuwal ƙasar gero da dawa da masara da gyaɗa ce, ga shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara. Bayan kaka akwai kara, akwai totuwa, akwai ɓawon gyaɗa, akwai buntun shinkafa da ke taruwa a bayan injinan casa har a rasa yadda za a yi da shi sai a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana turnuƙe unguwa. A buɗaɗɗen kasko waɗannan ba su da amfani, ko su yi fuu su ƙare ko su cika ɗaki da hayaƙi. A rufaffen murhu mai jan iska, musamman in an cakuɗa buntu da ɗan yumɓu ko kokon rogo an dunƙule an shanya, suna ba da zafi mai kyau. 'Yan Najeriya ba baƙi ba ne ga wannan dabara, domin a shekarun 1990, lokacin da kananzir ya yi wuya, murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan Abacha ya ciyar da gidaje masu yawa, kuma maƙeran unguwa ne suka yaɗa shi ba wata hukuma ba. Na san makiyayi da manomi za su ce kara abincin dabba ne, kuma abin da ya rage a gona taki ne. Gaskiyarsu, kuma bai kamata a share gona ƙarƙaf don murhu ba. Harawa da ganyen kara na dabbobi ne, kashin shanu na gona ne. Amma buntu da totuwa da ɓawo ba su da wani mai nema sosai, su ya kamata a fara da su.

Shi kansa itacen akwai gyara a yadda ake amfani da shi. Ɗanyen itace na iya kasancewa kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma wuta sai ta ƙone ruwan nan kafin ta ba da zafi, shi ya sa yake tsiyaya yana huci yana hayaƙi. Itacen da aka faskara aka jera a inuwa mai iska, sama da ƙasa, na wasu watanni, ya fi ɗanye zafi nesa ba kusa ba. Gawayi kuwa, wanda ake yi wa kallon ya fi tsafta, shi ne mafi tsada ga daji: a irin ramin da ake binne itace da ƙasa a turara shi, kilo ɗaya na gawayi na cin itace kilo biyar zuwa goma. Sai kuma al'adar kunna wuta da leda ko guntun roba ko tsohon takalmi, wadda ta zama ruwan dare. Hayaƙinsu guba ne tsantsa, ƙirare da busasshiyar ciyawa sun isa.

Ƙorafi na farko da mai ilimin zamani zai kawo shi ne wannan koma baya ne, duniya ta tafi gas da lantarki da hasken rana. Ina fatan ranar da hakan zai isa garuruwan yankin irin su Kuchi da Sangi da Fakku, amma a dubi lissafi. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya sa Sakkwato a kan gaba, da kusan kashi 91 cikin 100 na jama'arta. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, litar kananzir ta wuce naira 1,000 nesa ba kusa ba, cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya haura naira 15,000 a ƙarshen 2024, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, manomi kuma ba shi da albashin ma. Gidaje da dama da suka fara girki da gas sun koma gawayi. Wanda bai iya dafa tuwo da gas ba, ba zai ƙona shi dare guda don ɗumi ba, kuma kunna gas a rufaffen ɗaki shi ma yana cinye oksijin yana iya fitar da gubar nan. Hitar lantarki na jan wat 1,000 zuwa 2,000, ƙaramar solar da ake sa wa a gidan ƙauye kuwa ƙwan fitila biyu da cajin waya take ɗauka. A nemi gas da lantarki da gaske, amma kada jiransu ya zama hujjar barin yara cikin hayaƙi na wasu shekaru ashirin.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: duk abin da ya sauƙaƙa ƙona itace zai ƙara sare daji, a jihar da ke cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa. Amsa ta farko ita ce ana ƙona itacen tun yanzu, ta hanya mafi ɓarna. Murhun duwatsu uku bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafinsa ke kai wa tukunya ba, sauran iska ke kwashewa, sannan a sake hura wata wutar don ruwan wanka, a hura ta uku a kasko. Murhu ɗaya da zai yi ayyukan uku ragi ne a kan daji. Amsa ta biyu tana maƙwabta. A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi a Nijar sun zama fili fetal. Daga 1983 wani masanin noma mai suna Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka fara jawo hankalin manoma kan kututturan da ke tofowa a gonakinsu, cewa maimakon a sassabe su ƙarƙaf a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Wannan sassaben zamani, tare da sassaucin da aka samu har manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200, da yawansu gawo. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen gidan. Tun farkon shekarun 1990 kuma Nijar ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke kula da dajinsa yana sara bisa ƙa'ida yana cin riba. Ƙasar da ta fi mu fari ta sami itace ta hanyar mallaka da tsari. Kebbe da Tambuwal, da ruwan saman da suke samu, sabara da kalgo za su fi saurin tofowa a gonakinsu. Sanarwar hana sara ita kaɗai, ba tare da an ba mutum abin da zai ƙona ba, tana ƙara wa gawayi kuɗi ne kawai.

Ƙorafi na uku shi ne an sha gwadawa. Haka ne. A Nuwamban 2014 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa matan karkara, shirin ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce, matan ba su ga abin kirki ba. A kimiyyance ma akwai abin dubawa. Wani babban gwaji a Malawi da ya shafi yara sama da 10,000 ya raba murhu masu fanka da ke rage hayaƙi, amma ciwon huhu bai ragu ba. Sai dai waɗancan murhu ba su da bututu, hayaƙin da ya rage a gida yake tsayawa, kuma sukan lalace. A gwajin da Kirk Smith na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta a tsaunukan Gwatamala, wanda aka wallafa a 2011, murhu mai bututu ya rage hayaƙin da yara ke shaƙa da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gwaje-gwajen biyu tare suna nuna cewa rage hayaƙi kaɗan bai isa ba, sai an fitar da shi daga ɗaki. Shirin 2014 kuma ya nuna cewa kayan da aka sayo da kwangila aka raba kyauta ba su da uwa ba su da uba, in sun fashe ba mai gyara. Murhun ƙarfe na Mai Sauƙi da aka yaɗa a Nijar a shekarun 1980 ya shiga kasuwa ne saboda maƙeran gida aka koya wa suka dinga ƙerawa suna sayarwa. Abin da mai sana'a ke cin abinci da shi ba ya mutuwa da ƙarewar wa'adin gwamnati.

Akwai abin da dole a yarda da shi: bututu ba ya kashe hayaƙi, waje yake kai shi, kuma murhun da aka gina ba daidai ba na iya zama hatsari. Landan ta ɗanɗana wannan a Disamban 1952, lokacin da hayaƙin kwal daga bututun gidaje da masana'antu ya rufe birnin ya kashe aƙalla mutum 4,000, abin da ya haifar da dokar tsaftar iska ta 1956. Har yau Ingila na fama da hayaƙin murhun itace na gidaje, shi ya sa daga Mayun 2021 ta hana sayar da ƙananan ɗaurin itacen da ruwan jikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100. Amma Margai ko Romon Sarki ba Landan ba ce, gidaje a warwatse suke, iskar hunturu kuma ba ta barin hayaƙi ya tsaya. Hatsarin da ya fi kusa da mu shi ne bututun da ya ratsa jinka ko ya taɓa azara, da wanda ya tsage yana yoyon hayaƙi cikin ɗaki, da wanda kunkunniya ta toshe. Don haka ƙa'idojin ba su da sassauci: bututu ya fita ta bango, ya nisanci duk abin da ke kamawa, a share shi kafin kowane hunturu, a liƙe duk tsaga, a bar wa ɗaki kafar shan iska ko da murhun rufaffe ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa aikin ke buƙatar horarwa da gwaji, kada kowa ya gina yadda ya ga dama.

Masu cewa sanyin wata uku bai cancanci kashe kuɗi ba, su tuna murhun da aka haɗa da madafa shekara duka yake aiki, in zafi ya zo a toshe hanyar gado a buɗe ta bututu kai tsaye. Kayansa kuma ƙasa ce da tubali da guntayen ƙarfe, kuma kuɗin gawayin hunturu da na maganin tarin yara su ma kuɗi ne.

Ba a rasa masu iya wannan aiki ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana ƙera ingantattun murhun itace da na'urorin hasken rana. Ita ta fi cancanta ta zana samfuri biyu ko uku na murhun ɗumi, ta gwada su a ainihin ɗakunan soro da na kwano da na jinka, da na'urar auna guba, ta fitar da ma'auni a rubuce da Hausa, boko da ajami. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamban 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, manufarsa farfaɗo da ƙasa ce, kuma rage abin da murhu ke ci na cikin wannan manufa. Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su ɗauki nauyin horar da magina da maƙera kaɗan a kowace mazaɓa, a fara ginawa a inda jama'a za su gani su taɓa, wato makarantun allo da ɗakunan haihuwa na asibitocin karkara da makarantun kwana. Hakimai da dagatai su tsaya wa manomi kan mallakar itacen da ya rena a gonarsa. Ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar duk wanda aka kawo da ciwon kai da jiri da safiyar hunturu ko ya kwana da kasko, su rubuta, domin a san girman matsalar. A kuma fara tun da bazara, lokacin da tubali ke bushewa ana kuma tara itace, kada a jira Disamba.

Kafin nan, maigida da uwargida, akwai abin da ke hannunku a wannan hunturun. A ɗumama ɗaki da kasko tun da sauran ido biyu, taga a buɗe, sannan a fitar da shi waje kafin kowa ya kwanta, komai jan garwashinsa. A ƙara wa yara da tsofaffi bargo da hula da safa, a ɗaga shimfiɗarsu daga kan siminti. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri, ko wani ya ƙi farkawa, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa sarari, a garzaya asibiti nan take, a kuma gaya wa likita cewa an kwana da gawayi.